Firigon tsohuwar mota mai ɗaki da zafin Damagaram: gyara ko sauyi?

Tsofaffin motoci masu ɗaki a ciki, irin waɗanda Turawa ke yawon hutu da su, sun daɗe suna shigowa ƙasar nan jefi-jefi cikin motocin hannu da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Da yawansu an gina ɗakin ne a kan Peugeot J5, Citroën C25 ko Fiat Ducato na tsakanin 1981 da 1994, wasu kuma a kan Mercedes ko Ford Transit. Wanda ya sayi irin wannan mota a Damagaram ba safai hutu ke gabansa ba. Ko ɗan kasuwa ne mai bin kasuwannin ƙauye, ko mai aikin haƙar rijiya da ke kwana a daji wajen Tanut ko Gure, ko mai iyali da ke yawan bin doguwar hanyar Yamai. Injin ba ya ba makanikanmu tsoro, sun san shi ciki da bai. Abin da ke fara ba mai mota kunya shi ne firigo: a kunna shi tun dare, gari ya waye ruwan da ke ciki bai fi na randa sanyi ba.

Daga nan sai a kira mai gyaran firigo na unguwa. Ya leƙa baya, ya nemi kwamfaresa bai gani ba, ya ce, "Alhaji, wannan ai an cire masa inji, sai dai a sa sabo." Ba a cire komai ba. Haka aka ƙera shi, kuma rashin sanin wannan ne ke sa a zubar da firigo mai rai, ko a sayo wanda zai kashe batir cikin wata biyu.

Firigon da ke zuwa da waɗannan motoci da zafi yake yin sanyi. Wasu ɗalibai biyu ƴan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro tsarin a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Shi ya sa sunan Electrolux ne za ka gani a ƙofar tsofaffin, sababbin kuma Dometic ko Thetford. A bayansa akwai bututan ƙarfe a rufe ruf, cike da ruwa, amoniya da iskar haidurojin. Ana dafa ruwan a wata ƴar tukunya da ke gefe ɗaya, amoniyar ta tashi tururi ta hau sama, ta bi ta cikin faifayen ƙarfe da ke can ƙoli ta huce ta koma ruwa, sannan ta gangaro cikin firigon inda take haɗuwa da haidurojin ta sake zama tururi. A wannan sauyin ne take zuƙe zafin da ke ciki. Daga nan ruwa ya sake shanye ta, ta koma tukunya. Babu abin da ke juyawa, babu famfo. Zafi ke tura ta sama, nauyinta ke dawo da ita ƙasa. Tukunyar kuwa ana iya dafa ta ta hanya uku: da harshen wutar gas, da rezistans (wayar da ke yin zafi in wutar lantarki ta bi ta cikinta) na kuran mai bolt 230, ko da rezistans na bolt 12 daga mota.

Duk ƙarfinsa da duk rauninsa suna cikin wannan bayani. Ba ya ƙara, ba ya neman batir in yana kan gas, kuma matsakaicinsa na cin abin da bai wuce giram 250 zuwa 300 na gas ba a wuni da kwana, wato butel mai kilo 6 na iya kai shi kusan kwana 20. A garin da matatar mai ta SORAZ ke kusa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma sai amoniyar ta huce a faifayen sama kafin ta yi aiki, kuma iskar da ke bayan firigon ce kawai ke hutar da ita. A aikace irin wannan firigo yana sauke zafi ne da kamar digiri 25 zuwa 30 ƙasa da iskar da ke bayansa. A lokacin hunturu, ya isa har ya yi ƙanƙara. A Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40 a inuwa, in bangon motar na kallon yamma ramin bayan firigon ya wuce haka nesa, sai cikin ya tsaya a 15 ko 20. Nama ba ya kwana a wannan zafi, nono ma haka.

A jikin kowane firigo akwai ƴar takarda mai lambobi, galibi a ciki ta ƙasa. Nemi haruffan ajin yanayi. N da SN an gwada su ne zuwa digiri 32, ST zuwa 38, T zuwa 43. Yawancin tsofaffin da aka yi wa kasuwar Turai ba su wuce 32 ba. Duk firigon da za a saya wa mota a nan, kowane iri ne, in ba T ba ne a bar wa mai shi.

Sai dai kafin a kai ga saye, a fara tabbatar da cewa tsohon ya mutu, domin da yawa suma suka yi. Abu na farko, buɗe tagar iska ta ƙasa da ke jikin motar ta waje, ka sansana. In ka ji warin amoniya mai hawa ka, ko ka ga garin hoda rawaya a jikin bututu kusa da tukunya, magana ta ƙare: bututun ya hudu. Hodar nan sinadarin hana tsatsa ne da ke cikin ruwan, guba ce, kada a taɓa ta da hannu tsirara, kada kuma a sake kunna wuta a wurin. Ba a yi masa walda, kuma gas ɗin da masu gyara ke ɗura wa firigon gida ba shi da alaƙa da shi.

In babu wari babu hoda, duba tagogin iskar kansu. Motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi sukan zo da murfin roba da ake toshe tagogin da shi a lokacin ɗari, kuma ana samun motar da ta shekara a Damagaram murfin na nan inda Baturen ya bar shi. Cire shi. Sannan a faka motar a daidaitaccen wuri, a ɗora nibo irin na magina a cikin ɗakin ƙanƙara. Karkacewar da ta wuce kamar digiri 3 tana hana ruwan gangarowa, ya taru wuri ɗaya, tukunya ta yi ta ƙuna babu isasshen ruwa, sinadarin nan ya daskare ya toshe bututu. Motar da ke tafiya ba ta da wannan matsala don jijjiga na motsa ruwan. Wadda aka bari a kan gangare da firigo a kunne, awa bayan awa, ita ke kashe shi a hankali. Toshewar ba ta narkewa. Dabarar da wasu ke yi ta fito da firigo a kife shi kwana ɗaya takan farfaɗo da shi na ɗan lokaci, amma ba magani ba ce, kuma bai kamata a sayar wa wani da firigo a kan ƙarfinta ba.

Da motar ta daidaita, a haɗa shi da kuran, a rufe ƙofa, a bar shi daga magariba zuwa safe da ma'aunin zafi a cikin kofin ruwa. Kada a yi masa hukunci bayan awa biyu, irinsa na ɗaukar awa 6 zuwa 8 kafin sanyi ya kama. In tukunya ba ta yi zafi ba sam, a cire wayoyin rezistans a auna da mita. Mai wat 125 na kuran zai nuna kusan om 420, na bolt 12 mai wat 120 zai nuna om ɗaya da ɗan ɗori. In mita ba ta motsa ba ya ƙone, kuma sauya shi ƙaramin aiki ne. Ƙa'idar ita ce, in firigo ya yi sanyi ta hanya ɗaya cikin ukun, bututansa lafiya lau suke, laifin na ɗayar hanyar ne. In kuwa tukunya ta yi zafi rau amma faifayen sama ba su ko ɗumama ba, ya toshe.

Ɓangaren gas ya fi ko'ina tara datti a nan. Harshen wutar ya kamata ya zama shuɗi, tsayayye. In ja ne ko rawaya yana lilo, da baƙin hayaƙi a bangon mota sama da mafitar hayaƙin, to ƙurar hunturu ta shiga murhun, ko tsatsa ta zubo daga bututun hayaƙi ta rufe shi. Zanzaro na son wannan bututu ƙwarai, yakan gina ɗakinsa na laka a ciki, gizo-gizo kuma ya yi saƙa a bakin murhu. A cikin bututun akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe rataye da waya, shi ke riƙe zafi a jikin tukunya. A zaro shi, a goge bututun da siririn buroshi, a mayar da shi daidai tsayin da yake. Jikilar da gas ke fitowa ta ciki kuwa a jiƙa ta da alkol a hura mata iska. Kada a sa mata allura. Ramin ƙanƙane ne ƙwarai, in ya buɗe wutar za ta wuce kima. Akwai kuma maganar matsin gas, wadda ake yawan mantawa: tsofaffin motocin Jamus da yawa an yi su ne a kan miliba 50, na Faransa a kan 28 in butan ne, sababbi a kan 30. In aka ɗaura detandar (abin da ake sa wa kan butel ya rage matsin gas) mai 28 a kan firigon da aka yi wa 50, wutar za ta kama, ta yi kyau a ido, amma ba za ta dafa tukunyar ba. Lambar na rubuce a takardar jikinsa.

Firigon da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje ya cancanci a kashe masa ɗan kuɗi wajen iska. Ramin bayansa ya kamata ya ja iska daga tagar ƙasa, ta bi ta cikin faifayen, ta fita ta sama. In akwai fili babba tsakanin faifayen da bangon mota, iskar sai ta bi ta filin ta bar faifayen. A cike shi da farantin alminiyam har ratar ta koma kamar santimita 1 zuwa 2, a kuma lanƙwasa wani farantin a sama ya kai iskar zafi bakin taga, kada ta taru a saman firigo. Fanka biyu ƙanana irin na kwamfuta, masu bolt 12, a ɗaure su a tagar sama suna fitar da iska waje. Kowace ba ta cin abin da ya wuce amfa 0.2, amma bambancin da suke kawowa a bayyane yake. A duba robar ƙofa da takarda: in ka rufe ƙofa a kanta ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na tsiyaya ta nan.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne wanda zai ajiye nama, nono ko abincin yara a mota a bazarar Damagaram ya koma firigo mai kwamfaresa na bolt 12. Mai gas ya fi dacewa da wanda ke zama makonni a daji ba shi da sola, kuma ruwa da lemo kawai yake son sanyayawa. Mai kwamfaresa yana kama sanyi cikin awa ɗaya ko biyu, yana jure karkacewa har wajen digiri 30, kuma zafin waje bai cika karya shi ba, sai dai ya ƙara masa cin wuta. A nan ne lissafi ke shigowa, kuma nan ne mafi yawan masu sauyi ke faɗuwa, don sun sayi firigo ba su sayi abin da zai ciyar da shi ba.

Mu ɗauki firigo mai lita 80 zuwa 90 da kwamfaresa irin Secop BD35F, wanda a da ake sani da sunan Danfoss, kuma shi ne a cikin firigogin mota da yawa. In yana juyawa yana jan kamar amfa 4. Ba ya juyawa kullum, yana tsayawa in sanyi ya kai. A hunturu wataƙila ya yi aikin awa 8 cikin 24, wato amfa-awa 32. A bazara a ƙaddara awa 17, wato 68. Lambar da ke cikin takardar mai ƙera shi an auna ta ne a ɗaki mai digiri 25 ko 32, don haka kada a gina lissafi a kanta. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi firigon zai ci kamar amfa-awa 30 zuwa 35 daga batir kai tsaye, a ƙara fanka, fitila da cajin waya, an kai 50. Batir mai ruwa ko jel ba a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, ke nan mai amfa-awa 100 ya ƙare ƙat a dare ɗaya, babu rarar ranar da hazo ya rufe. Abin da ya dace shi ne 200 na jel, ko 100 na litiyam irin LiFePO4, wanda ake iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa. Zafi ma na cin batirin dalma: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu. Kada a ajiye shi kusa da inji ko a akwatin da rana ke duka. Kuma batirin ɗaki daban, na tayar da mota daban. Wanda ya haɗa firigo da batirin inji wata rana zai nemi masu turi a inda babu kowa.

Rana kam Allah ya hore mana ita, sai dai allon sola ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa. A kwance a rufin mota yana yin zafin digiri 65 zuwa 70, kuma kowane digiri sama da 25 na rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ga ƙura, ga asarar waya da regilata, akwatin da ke daidaita caji tsakanin allo da batir. In aka ɗauki awa 5 da rabi na cikakkiyar rana aka cire kashi 30, allon wat 300 zai ba da kamar wat-awa 1,100 a wuni. Firigon misalinmu na cin 850 a bazara, sauran kaya su cinye ragowar. Wat 300 ke nan shi ne ƙasan abin da za a sa, wat 100 da ake yawan liƙawa ba ya ba da ko rabin abin da firigon ke ci a bazara. A bar ratar yatsu biyu ko uku tsakanin allon da rufi don iska ta ratsa, a sa regilata irin MPPT, a kuma riƙa goge allon da tsumma mai laima, a hunturu kusan kowace safiya.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, me zai hana a sayo ƙaramin firigon gida a Kasuwar Dole a haɗa shi da inbata? Ana yi, yana kuma aiki, amma a san farashinsa na ɓoye. Kwamfaresan gida na fizgar wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi, don haka inbatar sai mai wat 1,000 ko kusa, kuma mai tsabtatacciyar wuta, don mai araha na sa kwamfaresa gurnani da zafi har ya ƙone. Inbatar da kanta tana cin wat 10 zuwa 20 ko firigo na hutawa, a wuni da kwana wat-awa 240 zuwa 480 sun tafi a banza. Yawancin ƙananan firigogin gida ta bangon gefe suke fitar da zafi, in aka cusa su a ramin da ya matse su sai su shaƙe. Ƙofarsu ba ta da sakata, bututansu kuma ba a ɗaure su don hanya irin ta Tanut zuwa Agadas ba. Ga motar da ke fake a gida ko bakin kasuwa kusa da kuran, ba laifi. Ga mai shiga daji, akwatin sanyi mai kwamfaresa na bolt 12 mai buɗewa ta sama ya fi shi, don sanyi ba ya zubowa in an buɗe, ramin tsohon firigon kuma a mayar da shi kabad. Abu ɗaya da ba a yi da ko ɗaya daga cikinsu shi ne ajiyar allurar rigakafi. Ita tana son digiri 2 zuwa 8 ba hawa ba sauka, tana da nata firigon da hukumomin lafiya suka amince da shi.

Kafin a biya kuɗi a auna rami: faɗi, tsayi, zurfi, a sama da ƙasa, don tsohon katako na kumbura. Faɗin da aka fi samu a motocin Turai kusan milimita 486 ne ko 525. A duba ƙasan ramin ta baya, a motoci da yawa firigon na zaune ne a kan tudun taya, kuma an yanke masa gindi daidai tudun. Firigo mai miƙaƙƙen gindi ba zai shiga ba sai an ɗaga shi, in an ɗaga kuma tsayi ya ƙi. A auna ƙofar ɗakin motar ma, wasu ƙofofin sun fi firigon ƙunci, sai an cire masa ƙofa ko an shigar da shi ta ƙofar direba bayan an kwance kujera. A lura da gefen da ƙofar ke buɗewa, da ko ana iya juya ta.

Ranar aiki, a fara rufe butel, a kunna murhun girki ya ƙone gas ɗin da ya rage a bututu, sannan a cire detandar. A cire wayar kuran ta waje, a raba allon sola da regilata, sannan a cire kan batir na ragi. Wannan jeri yana da dalili, wasu regilatoci na lalacewa in aka cire batir sola na ba su wuta. Ta tagar ƙasa ake kwance komai: bututun gas, galibi mai milimita 8, da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa don kada bututun ya murɗe, sai wayoyin 230, sai na 12, sai mafitar hayaƙi. A ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a taɓa su. Sukurorin da ke riƙe firigon yawanci huɗu ne, a ciki suke ta bangon gefe, ɓoye ƙarƙashin ƴan murafen roba. In an cire su ya ƙi motsi, silikon ne ko soso mai gam ke riƙe shi, a bi gefen da wuƙa, mutum ɗaya na turawa ta waje ɗaya na ja ta ciki. A shimfiɗa kwali a ƙasa, gindinsa na yage leda.

Bututun gas da ya rage shi ne wuri mafi haɗari a duk aikin. Rufe famfonsa kaɗai bai isa ba, wata rana yaro zai murɗa. A toshe bakin da murfin tagulla mai zare wanda aka yi don haka, ba a lanƙwasa bututu a buga da guduma, ba a ɗaure shi da robar taya. A mayar da butel, a buɗe, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar, a tsaya minti biyu ana kallo. Kumfa ko ɗaya ya taso, a sake. Ba a gwada gas da ashana. Wayar 230 ma a rufe kanta cikin akwatin haɗi, kada a naɗe ta da salatif a bar ta tana reto.

Sai tarkon da ke kama har ƙwararru. A bayan tsohon firigon akwai waya mai kauri ta bolt 12, kowa na ganinta zai ce ga wuta nan a shirye. Wannan wayar ta bi ta rele ne da ke kamawa kawai in inji na aiki altaneta na caji. An yi haka da gangan, don rezistans ɗin tsohon firigon na jan amfa 10 ba tsayawa, zai sauke batir mai 100 zuwa rabi cikin awa 5. In aka haɗa sabon firigo da ita, a gareji zai yi aiki tunda inji na kunne, da an kashe mota ya mutu. Sabon firigo na son sabuwar waya kai tsaye daga batirin ɗaki, ƙari da ragi duka, da fizibil mai amfa 15 kusa da kan batir. Kaurin wayar ya danganta da nisa: milimita murabba'i 2.5 zuwa mita 2 da rabi, 4 zuwa mita 4, 6 zuwa mita 6. A kuma kankare kan wayar a gani, don akwai wayoyi a kasuwa da alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, in ka kankare sai fari ya fito.

Dalilin wannan tsanani shi ne akwatin lantarkin kwamfaresan yana yanke wuta in ƙarfin ya sauka zuwa bolt 10.4, ba ya kuma dawowa sai ya hau 11.7, kuma a bakinsa yake aunawa, ba a kan batir ba. Siririyar waya mai 1.5 a nisan mita 6, zuwa da dawowa mita 12 ke nan, tana iya cinye bolt ɗaya da kusan rabi a lokacin tashi. Batir na nuna 12.1, firigo na ganin ƙasa da 11, in aka ƙara mahaɗa mai tsatsa sai ya faɗa ƙasa da iyaka. Alamar ita ce ka ji ya yunƙura, ya yi ƙyas, ya yi shiru, bayan minti ɗaya ya sake, galibi da asuba. Mai mota ya ce firigon jabu ne. A akwatin BD35F akwai wurin haɗa ƴar fitila da ke faɗin ciwon da ƙiftawa: ɗaya, wuta ta yi ƙasa, biyu, fanka na jan wuta fiye da kima, uku, kwamfaresa ya kasa tashi, huɗu, ya kasa riƙe gudunsa, biyar, akwatin ya yi zafi ya kare kansa. A nan ɗaya da biyar aka fi gani.

Ƙiftawa biyar maganar iska ce. A Turai in an sa mai kwamfaresa sukan toshe tagogin waje ya riƙa shaƙar iskar cikin ɗaki. Kada a kwaikwayi wannan. Motar da ke rufe a rana cikinta na iya haura digiri 55. A bar tagogin a buɗe, a sa musu raga mai ƙananan ido saboda zanzaro da ɓeraye, a bar fankar fitar da zafi a ta sama, a yi wa akwatin lantarkin ƴar rumfa ta alminiyam saboda feshin ruwan damina. Ƙurar da za ta shiga a hure ta da iskar mai faci sau ɗaya a wata, a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Ramin tsohuwar mafitar hayaƙi a rufe shi da faranti da silikon. In akwai rata a gefe da saman firigon a cike da soso mai hana zafi, amma ban da baya da wajen kwamfaresa. In kuwa wani mai gas ɗin aka mayar, dole bayansa ya rabu da cikin ɗaki ruf, don hayaƙin gas da bai ƙone da kyau ba yana kashe mai barci ba tare da wari ba, kuma ba a barin wutarsa a kunne a kan hanya ko a gidan mai.

A ɗaure sabon da sukurori a wuraren da mai ƙera shi ya tanada kaɗai. Huda bangonsa a wani wuri na iya samun bututu, kuma sababbi da yawa gas ɗin R600a ke cikinsu, mai kama wuta ne. In an kawo shi a kwance, a tsayar da shi awa 4 ko fiye kafin a kunna, man kwamfaresa ya koma mazauninsa. Gwajin ƙarshe a yi shi da inji a kashe, sola a cire: a auna wuta a kan batir da kuma a bayan firigo lokacin da kwamfaresa ke juyawa, bambancin kada ya kai rabin bolt. A saita shi cikin ya tsaya a digiri 4 zuwa 5, don kowane digiri ƙasa da haka batir ke biya. A daren tafiya a sanyaya shi da kuran ta hanyar caja, a zuba kayan da suka riga suka yi sanyi, a kuma faka motar gefen firigon na kallon inda rana ba ta duka bayan azahar.

Tsohon da aka cire kada a ba yaran gwangwan su sare shi da gatari. Amoniyar da ke ciki na ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, tana ƙona ido da huhu. Rezistans, murhu, maɓallin gas, sakatar ƙofa da tagogin iska duk a kwance su a ajiye, kayan da ba a samu a kasuwa ne, kuma wani mai irin motar zai zo nema.